Ƙarshen Fim ɗin Mai Laima

A duk layin babu mai kiran Darakta da mai biredi sai mahaifiyarsa, ita ma don ba yadda zai yi da ita ne. Gaskiya ce a gidan biredi yake aiki, tun asuba yana dambe da kwaɓin fulawa har rana ta take, amma a wurinsa wannan ba sana'a ba ce, ɗan tsaiko ne kawai kafin duniya ta farga da ko shi wane ne. Sunan Darakta kuwa shi ya raɗa wa kansa. Bai taɓa riƙe kyamara ba, bai taɓa ba ko kyanwa umarni ta bi ba, amma ya ce shi ido gare shi, kuma a harkar fim ido shi ne komai.

Yana tashi daga aiki sai ya kakkaɓe fulawar da ke girarsa, ya zura kwat, ya rataya baƙar laima a hannu, ya hau bas zuwa sinimar cikin gari. Yana da kujerarsa, a tsakiya, daidai ƙarƙashin bakin na'urar sanyi, wai a nan ne sauti yake haɗuwa. Yana sayen gugguru amma ba ya taɓawa sai sunan fim ya fito, don cin gugguru a kan talla aikin ƙauyawa ne. In wani ya yi tari, Darakta zai waigo ya kalle shi kamar ya tofa masa a abinci. Yakan ce tun ranar da kawunsa ya fara kai shi sinima yana ƙarami, ya san an halicce shi ne don wannan duhun. Yana tuna ƙamshin wurin, da jan labule, da hasken da ya ratso ta saman kansa. Abin da bai taɓa tambaya ba shi ne me ya sa ba ya tuna yadda suka koma gida. A kafaɗa kawu ya ɗauko shi, yana zuba masa miyau a wuyan riga.

To, ga inda gizo yake saƙar. Mutumin da ya tashi tun asuba yana murza fulawa, ka kai shi cikin duhu, ka ba shi kujera mai laushi, ka sako masa sanyi a ƙeya, me kake jira? Fim yana kaiwa tsakiya Darakta yake tafiya. Sai dai Allah ya yi masa wata baiwa: daga inda idonsa ya rufe, daga nan mafarki yake ɗauka, da 'yan wasan, da kiɗan, da komai. Ba ya farkawa sai mai shara ta bugi takalminsa da tsintsiya, sunaye suna ta hawa a bango. Sai ya miƙe yana share ido da gefen baki, ya ce, "Kai! Wannan ƙarshe!" Mai shara ta ce, "Ɗaga ƙafa." Darakta bai taɓa yin ƙarya ba a ransa. Bai dai taɓa ganin ƙarshen fim ba ne, kuma bai san bai gani ba.

Da yamma sai ya sauke kayan a bencin Mai Aski. Mutanen layin ba sa zuwa sinima. Me za su je yi, ga Darakta yana ba su fim da ƙarar bindiga da kukan jaruma da ƙugin mota, duk daga baki ɗaya?

Wanda ya fi shiga ransa wani tsohon fim ne na ƙasashen waje da sinimar take yawan maimaitawa. Labarin wani mutum ne mai siririn gashin baki da baƙar laima, wanda ya zo gidan wata tsohuwa mai dukiya da aka sace wa sarƙar zinariya, ya dafa ƙirji ya ce shi zai kamo ɓarawon. Jikar tsohuwar ta kamu da sonsa. Suka shiga jirgin ruwa su duka. Daga nan kuma, in ji Darakta, Mai Laima ya kama ɓarawon, yarinyar ta faɗa teku, ya bi ta, ya ceto ta, ya buɗe mata laima cikin ruwan sama, ya cika yana murmushi.

Ranar da ya fara ba da wannan labari, Mai Aski sai da ya ajiye reza ya fyace hanci. Kafin wata ya zagayo rabin mazan layin suna yawo da siririn gashin baki, har Makaniki da nasa ya ƙi fitowa ta gefe ɗaya. Matar Mai Aski da ta haihu, ta riƙa kiran jaririn Ɗan Laima, wai Allah ya ba shi amana irin ta mai sunan. Shi kuwa Darakta tun daga lokacin laima da siririn gashin baki suka zama gaɓa a jikinsa.

Ana haka sai aka kawo sabuwar Nas kemis ɗin bakin layi. Darakta ya gan ta, ya ji irin kiɗan da ake sakawa idan jarumi ya ga jaruma. Ya shiga, ya jingina da kanta, ya karkata kai.

"Barka da aiki, Nas."

"Yawwa. Me ke damunka?"

"Ba abin da ke damuna."

"To matsa, akwai masu ciwo a bayanka."

Ya waiga. Ba kowa.

"Za su zo," in ji ta. "Wai kai ne mai yawo da laima ba hadari ba ruwa?"

"Ba don ruwa ake riƙe ta ba. Hali ne."

"Sannu. Maganin hali ba mu sayarwa a nan."

Bai karaya ba. Kullum sai ya zo ya jingina ya ba ta fim, ita kuma tana jera kwalabe tana cewa uhm. Rannan ya kai ƙarshen labarin Mai Laima, sai ta ɗago.

"Tsaya. Da kake faɗa wa Mai Aski ina jiyowa, cewa ka yi ta tsani ya sauka tekun. Yau kuma ya dira a bayan kifi."

"Manyan finafinai haka suke. Kowane kallo da abin da ido yake tsinta."

"Ita kuma tsohuwar da ka ce ta fito daga ɗakin matuƙi tana cigiyar murfin tukunyarta?"

"Wannan alama ce. Sai wanda ya yi zurfi."

Bai haɗa wannan da cewa ranar da ya ga alamar, Inna, mahaifiyarsa, ta wuni tana cigiyar murfin tukunya ba.

Ya gyara kwat, ya ce, "Nas, ki bari in kai ki sinima. Ki ga abu da idonki."

Ta dube shi tun daga laima har takalmi. "Ni ba na bin mutumin da labarinsa yake canza riga kullum. Fara nuna min wannan fim ɗin. In ƙarshensa ya zo yadda ka faɗa, ko da rabi ne, zan bi ka sinima, in ma riƙe maka laimar. In bai zo ba, kada ka ƙara jingina min a kanta. Kana barin fulawa."

Da wani ne, da ya ce to, ya nuna mata a waya, magana ta ƙare tsakanin mutum biyu. Amma Darakta ba ya ƙaramin abu. Ya buga laima a ƙasa.

"A waya? Wannan fim ɗin? Layin nan gaba ɗaya zan kawo wa sinima. Ni zan fassara, da bakina, kowa yana ji."

Ya aro majigi da lasifika da makirfo a wurin wani mai kayan sauti. Ya bi gida gida yana sanarwa. Saura allo, sai ya nufi ɗakin Inna.

"Zanin gadona na baƙi? Ba ka da hankali."

"Inna, tarihi za a kafa a kansa."

"A kafa a kan naka."

"Nawa yana da zanen agwagi."

"To agwagin ma su kalla."

Daga ƙarshe ta jefo masa wani tsohon fari, wanda dutsen guga ya taɓa ƙonawa a tsakiya, tabon ya fito ɗas da siffarsa har da tsinin.

Ranar kallo Darakta ya yi aikinsa na asuba kamar kullum, ya fito da gudu, ya ɗaure zanin tsakanin falwaya da bishiya. Bayan azahar, rana tana dukan ƙeya, mutane suka hallara da bencina da kujerun roba. Nas ta zo ta tsaya a inuwa ta harɗe hannu. Darakta ya yi jawabi a kan tarihin fim tun daga farkon duniya, sannan ya danna maɓalli da ɗan yatsa ɗaya, kamar mai harba roka.

Lasifika ta saki kiɗa. A kan zani kuwa babu komai sai zani, da tabon guga.

"Ku kwantar da hankali," in ji shi. "Duhun yana zuwa."

Makaniki ya ce, "Wane duhu?"

"A sinima ana kunnawa duhu yake saukowa. A hankali yake zuwa, daga sama."

"Fitila suke kashewa, Darakta."

"To a kashe mana!"

Kowa ya ɗaga kai ya kalli rana. Mai Aski ya ce, "Makaniki, ɗauko tsani, ni zan riƙe maka."

Dariyar ba ta gama sauka ba Darakta ya ce ai da ma gwaji ne, ainihin zauren shi ne garejin Makaniki. Makaniki bai san da wannan ba, amma kafin ya buɗe baki an fara shigar da bencina. Aka ja ƙofar ƙarfe, aka toshe tagogi da kwalaye da barguna. Akwai motar wani a ciki da aka cire wa inji, Inna ta buɗe ta shige gaba ta zauna, ta ce ita daga nan za ta kalla, a goge mata gilashi. Matar Mai Aski ta shiga baya da jariri. Aka rataye zanin a jikin ƙugiyar ɗaga inji.

Hoto ya fito, mutane suna tafiya da ka, ƙafafu a sama.

"Haka mai fim ɗin ya so farkon," in ji Darakta. "Yana nuna duniya ta juye."

Makaniki ya ɗaga majigin ya kifa shi daidai. Duniya ta miƙe. Mai Laima ya bayyana, tabon guga ya zauna masa a kan hanci, kuma duk wanda ya matso tsakiyar allo sai ya gaji hancin.

Darakta ya ɗaure makirfo a wuya da igiya, don hannuwansa su sami damar aiki, ya fara fassara. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshen, amma wannan bai taɓa hana shi ba. Tsohuwar ta yi magana doguwa, tana nuni, tana kuka, tana dukan tebur.

"Ta ce sannu da zuwa."

Mai Laima ya yi ɗan gyaran murya.

"Ya ce, ya ke uwa mai daraja, na rantse da wannan laima da na gada, ba zan ci ba, ba zan sha ba, ba zan aske gashin bakina ba, sai na damƙo azzalumin da ya zubar miki da hawaye, ko yana ƙarƙashin teku!"

Mai Aski ya ce, "Duk wannan a cikin tari ɗaya?"

"Harshensu a dunƙule yake."

Can sai muryar Nas daga kan wata taya: "Me ya sa yake leƙa akwatin tsohuwar bayan ta fita?"

"Bincike yake."

"Da hannu a ciki?"

"Bincike mai zurfi. Don Allah a daina surutu, ana kallo."

Gareji mai rufin kwano, an toshe ko'ina, ga jama'a, ga warin baƙin mai. Ba a jima ba gumi ya fara ɗiga daga siraran gashin baki. Ɗan Laima ya tsala ihu. Inna ta leƙo ta tagar mota ta ce ko tanderun gidan biredin ne ya biyo ɗanta. Nas ta miƙe tana fifita da mayafi.

"Ni zan tafi kafin in fara ɗaukar masu suma."

Darakta ya tare hanya. "Ki zauna! Sinima ba ta cika sai da sanyi, da ma yana cikin tsari!"

Ya fita a guje. Ya dawo yana jan ƙatuwar fankar da ake sanyaya biredi da ita, ya sake fita ya dawo da ƙanƙara cike da baho a ka, ruwa yana bin bayan kwat. Ya ajiye bahon a gaban fanka, ya kunna. Wata iska mai sanyi ta ratsa garejin, mutane suka sauke ajiyar zuciya tare. Nas ta koma ta zauna. Har Makaniki ya ce, "To, wannan kam ka yi kai."

Wannan yabo shi ya ƙarasa shi. Darakta ya jawo wata kujerar mota da aka ciro, mai laushi kamar cinyar uwa, ya dasa ta daidai bakin fanka, wai a nan ne sauti yake haɗuwa. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ɗora laima a cinya. Sanyi ya sauka masa a ƙeya.

A kan zani jirgin ruwa ya yi ƙugi.

"Yawwa," in ji Darakta a makirfo. "Yanzu ku buɗe ido. Nan ne fim yake farawa. Ya ce mata, ya ke... ya ke wannan... teku fa... yana da... ruwa..."

Sai wata ƙara ta cika lasifika, mai zurfi, tana ja tana saki.

"Kai, ka ji injin jirgi!" in ji Mai Aski. "Kamar a ciki muke."

"Wannan injin yana buƙatar sabis," in ji Makaniki. "Yana shan iska."

Hoto ya koma ɗakin cin abinci, ana kaɗa goge mai taushi, amma inji bai tsaya ba. Har ya ƙara da ɗan fito a ƙarshe. Inna ta leƙo ta taga.

"Wannan injin ni na haife shi."

Aka juya. Ga Darakta, kai ya faɗa baya, baki a buɗe, makirfo a kan maƙogwaro, ya rungume laima. Makaniki ya miƙa hannu zai girgiza shi.

"Kada wanda ya taɓa shi," in ji Nas. "Mara lafiya yana hutawa. A rage masa murya kawai."

Aka rage. A karon farko a tarihin layin, mutane suka kalli fim da idonsu, ba fassara. Kuma abin da ya biyo baya ba ya buƙatar ta.

Ruwan sama ya sauko a kan jirgin. Jikar tsohuwa ta kai hannu za ta ɗauki laima, Mai Laima ya fizge. Ta ja, ya ja. Mariƙin ya kwance, sai ga sarƙar zinariya ta zubo, da cokula, da agogon matuƙin jirgi, da zoben ita kanta yarinyar. Mai Laima ya hankaɗe ta, ya ruga, ya shige cikin gangar shara ya ja murfi. Tsohuwa ta zo da sandarta ta ƙwanƙwasa. Ya fito hannu a sama yana kuka da majina. Ta karɓi laimar ta shiga jibgarsa, ta ko'ina, har siririn gashin bakin ya ɓalle ya faɗi ƙasa. Ashe manna shi aka yi.

A cikin duhun garejin, hannuwa suka tashi a hankali, kowane namiji ya rufe leɓensa na sama.

'Yan sanda suka tafi da Mai Laima da ankwa, takalmi ƙafa ɗaya. Matar Mai Aski ta dubi jaririn da ke cinyarta, ta ce, "Innalillahi. Ɓarawon cokali."

Shi kuwa Darakta a lokacin yana can tsakiyar teku, yana kallon jarumtaka irin wadda ba a taɓa yi ba, hawaye yana bin kuncinsa.

Sunaye suka fara hawa kan zani. Nas ta ɗauki tsintsiyar gareji, ta bugi takalminsa. Ya zabura ya miƙe, ya share ido da gefen baki, ya ƙure muryar makirfo.

"Kai! Wannan ƙarshe! Kun gani? Jama'a, kun gani da idonku?"

Shiru. Mai Aski, hannu a kan baki, ya ce, "Mun gani."

"Shi ya sa kuka kasa magana. Ni ma ranar farko haka na yi. Dubi Makaniki, har ya toshe baki kada ya yi kuka. Yi kukanka, ɗan'uwa, ba abin kunya ba ne."

Nas ta gyara zama, ta tallafe haɓa. "Darakta, ni wani wurin ya ɗan shige min. Maimaita mana daga inda jirgi ya yi ƙugi."

Ai kuwa an taɓo inda yake so. Ya shiga gaban haske, sunaye suna hawa a kan fuskarsa, ya buɗe laima fau.

"Jirgi ya daki dutsen ƙanƙara! Sanyi ko'ina! Yarinya ta faɗa ruwa. Mai Laima ya ce, ku riƙe min kwat. Ya dira. Kifaye suka taso, ya bi su da laima, ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, tas! Sai ga wata tsohuwa ta taho a mota a kan ruwa, motar ba inji..."

"Ni ce ko?" in ji Inna.

"Alama ce, Inna. Ya ɗora yarinyar a kan baho, ya buɗe mata laima, ya dube ta, ya ce..."

"Ina cokulan?" in ji Makaniki.

Darakta ya tsaya. "Wane cokula?"

Gareji ya fashe. Kowa yana magana lokaci ɗaya.

"Ɓarawo ne, Darakta! Shi ya saci sarƙar!"

"A gangar shara aka kamo shi!"

"Tsohuwa ta yi masa dukan tabarma!"

"Ka sa na aske wa mutane gashin bakin ɓarawo, kuma na jabu!" in ji Mai Aski. "Da hannuna! Har da surukina!"

"Ni ɗana fa?" Matar Mai Aski ta miƙo jaririn ta tagar mota. "Dube shi. Me ya yi maka?"

"Barci ka yi," in ji Nas. "Layi guda ya ji ka a lasifika."

"Ni? Barci? A fim?" Darakta ya yi wata dariya ta tausayi. "Lumshe ido na yi ina nazari. Matsalar ita ce kun kalla ba fassara. Ido ba ilimi, ai dole ku ga abin da ba shi ba ne."

"Dukan ma sai an fassara?" in ji Nas.

"Wataƙila tausa ce. Kun san al'adarsu?"

"Ankwar fa?"

"Awarwaro ne na girmamawa. Makaniki, mayar da fim ɗin baya! Daga ƙugin jirgi. Zan nuna muku dalla-dalla, kowa ya ji kunya. Nas, ki shirya riƙe laima."

"A shirye nake," in ji ta. "Ga kujerarka."

"Ba na buƙata. A tsaye zan yi."

Makaniki ya mayar. Mai Aski ya kai ƙafa a hankali ya karkato fankar ta fuskanci ƙeyar Darakta. Darakta ya rufe laima, ya kafa tsininta a ƙasa, ya dogara da hannu biyu, ya ware ido kamar mai jiran a ɗiga masa magani. Abin da ya manta shi ne, duk gidan biredi an san shi da iya barci a tsaye a bakin tanderu.

Jirgi ya yi ƙugi.

"To, ku duba da kyau. Kun ga hannunsa? Wannan hannun... hannun amana ne... yanzu zai... zai cire kwat..."

Gira ta sauko. Ya ɗaga ta. Ta sake saukowa, ta zo da 'yar'uwarta. Haɓa ta sauka a kan makirfo. Ruwan sama bai ma fara zuba a kan jirgin ba, inji ya tashi.

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, don kada a ɓata aiki. Makaniki ya ɗaga ƙofar gareji kaɗan, mutane suka riƙa sunkuyawa suna fita, mazan kai tsaye suka yi layi a ƙofar Mai Aski, kowa hannu a leɓe. Matar Mai Aski ta wuce tana gwada wa jariri sababbin sunaye. Nas ta tsaya a gaban Darakta, ta kalle shi yana tangaɗi a kan laima, ta sa yatsa ta kakkaɓe fulawar da ta maƙale a kafaɗar kwat ɗinsa.

"Inna, in ya tashi ki ce masa kanta ta gode, ta huta. Sinima kuma zan je, tunda ashe finafinai suna da ƙarshe. Ko za ki raka ni?"

"Da gugguru?"

"Da gugguru."

Inna ta fito daga mota, ta kwance zaninta daga ƙugiya, sauran fim ɗin ya koma kan bango, tsohuwa tana jibgar Mai Laima a tsakanin sifanu da tsofaffin tayu. Makaniki ya nuna Darakta da haɓa.

"In tashe shi? Ina son rufe gareji."

A daidai lokacin Darakta ya yi murmushi cikin barci, hawaye ɗaya ya gangaro ya shige siririn gashin bakinsa.

Inna ta naɗe zani ta saƙala a hammata. "Ɗan ƙara masa lokaci. Bai kai wurin kifayen ba."